Yadda Za Ka Zaɓi Kayan Wankin Mota Masu Araha, Ka Kare Fentinta Daga Ƙura da Rana

Shekara guda cur na yi ina kai motata wurin wanki a bakin titin unguwarmu, sau biyu a mako, ina jin kaina mai tsafta. Baƙa ce, ta hannu, amma ranar da na karɓo ta kana iya gyara zaman hularka a jikin ƙofarta. Wani dare na tsaya shan mai, fitilun gidan man suka haske bonet, sai na ga abin da ban taɓa lura da shi ba: siraran zane zagaye-zagaye, kamar saƙar gizo-gizo, tun daga gaba har but. Washegari na zauna a kan benci na zuba ido in ga yadda ake wankin. Bokiti ɗaya ne, da omo cikin tafin hannu biyu, da tsohuwar singileti. Yaron ya dirje taya da ita, ya tsoma a bokitin, ya ɗora a kan bonet. Ta suɓuce ta faɗi ƙasa, ya ɗauka ya kakkaɓe ya ci gaba. Ban ce masa uffan ba, don haka ya tarar ana yi, ni ma kuma ban taɓa miƙa masa abin da ya fi wannan singiletin ba.

Kafin ka fitar da ko sisi, ya kamata ka san abin da kake karewa. Fentin motar zamani hawa-hawa ne: akwai shimfiɗar ƙasa da ke kama ƙarfe, sai launi, sai wani garai-garai a sama wanda ba shi da launi, shi ne ke ba da sheƙi. Masu fenti suna ce masa kiliya. Kaurin wannan na saman bai wuce maikiron 40 zuwa 50 ba, wato bai ma kai kaurin silin gashin kai ba. Duk ƙarcewar da ka gani, a jikinsa take. Duk lokacin da aka goge motar da abin da ke ci, shi ake ragewa, kuma ba ya tsirowa. In ya ƙare, sai ka ga rufin mota da bonet sun yi fari-fari suna ɓarewa kamar fatar mai kirci. Daga nan babu sauran magani sai sabon fenti.

Abokan gabarsa a ƙasarmu uku ne. Ƙurar hunturu da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele na ƙasar Chadi, tana ɗauke da ɓurɓushin yashi wanda ya fi fenti tauri. Rana kuma tana gasa shi, don jikin baƙar mota a tsakar ranar watan Afrilu yakan haura digiri 70. Na uku ruwan burtsatse mai gishiri-gishiri, wanda in ya bushe a jiki yake barin farin tabo. Ƙura ita kaɗai tana zaune a kan mota ba ta yin komai. Sai an sa hannu an ja ta sannan take yanka.

Duba irin fentin da ke jikin motarka

Wannan minti biyu ne. Ka sami farin ƙyalle, ka ɗiga masa ɗan man goge fenti, ka murza a ɓoyayyen wuri, kamar cikin bakin ƙofa. In launin motar ya fito a ƙyallen, fentinka ba shi da kiliya. Haka tsofaffin motoci suke, irin su Peugeot 504, da motocin da aka sake wa fenti mai araha. Irin wannan ya fi saurin koɗewa, ya fi kuma buƙatar kariya. In kuwa ba a daɗe da fesa motar ba, ka bar ta wata biyu zuwa uku da wanki kawai, kada ka shafa mata komai, domin sabon fenti sai ya gama bushewa har ciki. Ka tambayi mai fentinka, shi ya san abin da ya haɗa.

Tsumma tukuna, kafin komai

Na san mutum zai so a fara da gwangwani mai ƙyalli. Haƙuri. In kuɗinka na abu ɗaya ne tak, tsumma za ka saya. Abin da ake nema shi ne tawul ɗin maikirofayiba, mai laushi wanda in ka shafa shi a busasshen hannu yake ɗan kama fata. Zarensa sirara ne ƙwarai, suna ɗaga ƙura su shigar da ita ciki, maimakon su ja ta a kan fenti kamar yadda atamfa da singileti da soson buhu suke yi.

A kasuwa za ka tarar da su kala-kala, ba duka ne na kirki ba. Ka duba takardar jiki: mai kyau haɗin zare biyu ne, kashi 80 da 20 ko 70 da 30. Wasu suna rubuta nauyinsa da haruffan GSM. Daga 300 zuwa 400 ya isa aikin gogewa, na tsane ruwa kuma ya fi haka kauri. In babu takarda, ɗaga shi ka kalli haske. Wanda kake hango rana ta cikinsa na goge tebur ne. Ka shafa bakinsa ma: in ɗinkin gefen yana da kaushi, shi ma yana ƙarce fenti. Takardar da ke maƙale a gefe kuwa, ka sa almakashi ka cire ta kafin ka fara aiki da shi.

Guda shida sun wadatar. Biyu na wanki (in ka sami na sawa a hannu kamar safa, mai tsefe-tsefe, ya fi), babba ɗaya na tsanewa, biyu na goge maganin kariya, ɗaya na taya da ƙasan mota. Ka bambanta launinsu don kada su haɗu. Ni baƙi ne na taya, kuma ko a igiyar shanya ba ya kusantar sauran. Doka ɗaya ce ba ta da sassauci: wanda ya taɓa ƙasa ya gama aikin ranar, ko da bai yi daƙiƙa ɗaya a ƙasan ba.

Wankinsu ba wuya. Ruwan sanyi ko mai ɗumi-ɗumi, da ɗan sabulun ruwa, su kaɗai ba tare da tufafi ba. Kada a sa musu ruwan ƙamshin nan mai sa kaya laushi, yana toshe zaren su daina shan ruwa. Kada a kai su wajen mai guga, zafi yana narkar da su. Su bushe a inuwa, a ninke a sa a leda.

Sai bokiti biyu. Kowane iri, in dai sabo ne ko an wanke shi fes, ba wanda aka kwaɓa siminti a ciki ba.

Sabulu: a raba mota da omo

Omo da sabulun wanke-wanke an yi su ne don cire maiƙo. Maganin kariyar da za ka shafa wa mota shi ma ɗan'uwan maiƙo ne, don haka wanki biyu ko uku da omo sun isa su tafi da kakin da ka ɓata lokaci kana shafawa. Ban da haka, garin omo ba ya narkewa duka, ƙwayoyinsa suna bin tsumma, kuma yana busar da robobin gilashi da baƙaƙen robobin bamba har su yi toka-toka. Haka ma sabulun ruwan da ake haɗawa a gida a ɗura a gorar ruwa ba tare da suna ba. Akasari da soda mai ƙarfi ake haɗa shi. Yana da kyau a ɗakin girki, ba a jikin mota ba.

Abin da za ka nema shi ne sabulun ruwa na mota, wanda aka rubuta car shampoo ko car wash a jikinsa, tare da alamar pH neutral ko pH balanced, wato ba shi da zafin da zai ci kariya. Kamfanoni irin su Turtle Wax da Meguiar's da Sonax da Abro da Formula 1 duk suna yin sa, ana kuma samu a shagunan kayan mota na Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da manyan kantuna. Kada yawan kuɗin kwalba ya tsorata ka kafin ka karanta awon. Da yawansu murfi ɗaya ko biyu ake zubawa a bokiti, kamar mililita 30 a lita 4 zuwa 5 na ruwa, wasu ma ƙasa da haka. Ka raba kuɗin kwalbar da yawan wankin da za ta yi, nan ne za ka san mai araha na gaskiya. Sau da yawa kwalbar da ta fi tsada a kanta ita ta fi sauƙi a wanki.

Wanda aka rubuta wa wash and wax yana barin ɗan sheƙi bayan wanki. Ba laifi, amma kada ka ɗauka ya maye gurbin kariya. Kwana kaɗan yake yi.

Game da jabu, idonka ne maganinsa. Murfi a rufe da hatiminsa, rubutu fes ba mai dishi-dishi ba, lambar kamfani da kwanan wata a jiki. Abin da aka sayar maka a rabin kuɗin da kowa ke sayarwa, ka ajiye masa kayansa. Ka sayi kaya a shagon da in ka dawo gobe za ka tarar da shi, ba a hannun mai bin motoci a danja ba.

Kananzir fa? Wasu masu wanki suna ɗiga shi a ruwan ɗauraya don mota ta yi ƙyalli. Tana yi kuwa, na yini ɗaya. Washegari ƙura ta manne mata kamar ƙuda a kan rake, ga shi ya wanke duk wata kariya. Kananzir yana da aikinsa, zan zo kansa, amma ba a bokiti ba.

Kariya: wanne ne naka?

A nan ne ake yawan tafka asara, saboda a bakinmu komai folish ne. Alhali abubuwa uku ne daban. Akwai kamfawun, wanda ake rubuta wa rubbing compound: wannan yashi ne mai laushi a cikin mai, yana kankare kiliya don ya shafe ƙarcewa. Akwai folish na ainihi, shi ma yana ci amma kaɗan. Sai kaki da danginsa, waɗanda ba sa cin komai, rufi suke yi a sama. Mutumin da ke kai motarsa ana dirza mata kamfawun duk wata yana murna da ƙyalli, fentinsa yake ci da hannunsa. Waɗancan biyun magani ne, sai da ciwo. Na ukun shi ne abinci.

Kariyar ita ma iri uku ce. Na farko kakin gwangwani ne, wanda ake kira carnauba, daga ganyen wata bishiya dangin giginya ake samun sa a arewa maso gabashin Brazil. Yana da araha, gwangwani ɗaya ya kai ka shekara da ɗoriya, sheƙinsa kuma a kan baƙar mota ko ja babu na biyunsa. Matsalarsa zafi. Motar da ke wuni a rana, wata ɗaya zuwa biyu ya yi ta kansa, ga shi shafa shi aikin awa guda ne ko fiye, da ciwon kafaɗa. Na taɓa sayen gwangwani da zumuɗi, na shafa sau biyu, na uku na ce sai Asabar mai zuwa. Yana nan a but har ya tsattsage.

Na biyu ruwan kariya ne na haɗin masana'anta, ana rubuta masa sealant. Shi ma shafawa ake yi a goge, amma ya fi jure zafi, yakan kai wata huɗu zuwa shida.

Na uku, wanda ni shi nake ba mai ƙaramin ƙarfi da ƙarancin lokaci shawara, shi ne na feshi, mai zuwa a kwalba da bakin fesawa kamar maganin goge gilashi. Za ka ga an rubuta ceramic spray ko spray sealant, wani lokaci da alamar SiO2. Ka fesa, ka baza, ka goge, minti goma sha biyar ka zagaye mota. Wasu kwalaben suna alkawarin shekara guda. A ƙarƙashin ranar Sakkwato ko Maiduguri kada ka riƙe wannan alkawari, ka ɗauka wata uku ne. Kwalbar rabin lita kuwa tana yin ƙaramar mota sau da yawa, don feshi biyu ya isa ƙofa guda.

Kada ka rikita shi da siramik ɗin da ake yi a manyan wuraren gyaran mota, wanda ke shekaru. Wancan yana da tsada, sai an goge motar da inji tukuna, kuma duk da haka ba ya hana ƙarcewa in aka ci gaba da wanki da singileti. Ba shi ne maganarmu ba.

Yadda ake wankin kansa

Da sassafe ko bayan la'asar, a inuwa. Ka ɗora bayan hannunka a bonet, in da zafi ka jira. Jarka biyu ta 'yan garuwa ta isa ƙaramar mota in ba ka yi ɓarna ba.

Fara da taya da tsummansu da ruwansu daban, ka zubar da ruwan. Sannan ka kora wa motar ruwa daga rufi zuwa ƙasa ba tare da ka taɓa ta ba. Wannan shi ne mataki mafi muhimmanci a hunturu, kuma shi ne aka fi tsallakewa. In ba ka da tiyo, ka sayi injin feshi na goyo irin na manoma, mai lita 16, sabo wanda bai taɓa ganin maganin ciyawa ba. Yana tunkuɗe ƙura da ruwa kaɗan fiye da watsawa da kofi nesa ba kusa ba.

Yanzu bokiti biyun: ɗaya ruwan sabulu, ɗaya ruwa zalla. Ka tsoma tsumma a na sabulu, ka wanke rufi, ka ɗauraye tsumman a ruwa zalla ka matse, sannan ya koma na sabulu. Haka za ka bi: gilasai, bonet, but, saman ƙofofi, sai a ƙarshe ƙasan ƙofofi da bamba, inda laka da yashi suka fi yawa. Ka ja hannunka a miƙe, gaba da baya, ba zagaye ba, kuma ba da ƙarfi ba, nauyin tsumman kaɗai ya isa. Da ka gama, leƙa gindin bokitin ɗauraya ka ga yashin da ya kwanta. Da bokiti ɗaya ne, duk a jikin fentinka zai ƙare.

Kada ka bar kumfa ta bushe a jiki. In iska tana kaɗawa, wanke gefe ɗaya ka ɗauraye kafin ka zagaya. Bayan ɗauraya kada ka ce bari ta sha iska, musamman da ruwan burtsatse. Shimfiɗa babban tawul a kan rufi, ka kama bakinsa biyu ka jawo a hankali. Ka buɗe ƙofofi da but ka tsane bakinsu, ka share ƙarƙashin madubai, in ba haka ba da ka tashi motar ruwa zai zubo ya bar maka layi.

Shafa kariya

Karon farko kaɗai ne ke da ɗan aiki. Bayan wanki, ka sa hannunka a cikin siririyar leda ka shafa bonet. In ka ji santsi, ci gaba. In ka ji ƙurji-ƙurji kamar tsaki, akwai datti da ya nutse wanda sabulu ba ya cirewa. Maganinsa wani abu ne kamar cingam da ake kira clay bar. Ka murza shi ya yi faɗi, ka jiƙa wurin da ruwan sabulu sosai, ka zame shi a kai a hankali har ka ji ya daina kamawa. In fuskarsa ta yi datti ka ninke ta ciki, in ya faɗi ƙasa ka yar. Sau ɗaya ko biyu a shekara ya isa.

Sannan ka girgiza kwalbar feshi. Feshi biyu a kan ninkakken tawul, ba a kan motar ba in akwai iska. Ka baza a ƙofa ɗaya, ka ɗauki busasshen tawul na biyu ka goge har ya yi fes, ka wuce gaba. Kuskuren kowa yawan zubawa ne, shi ke kawo layi-layi da dishi. In hakan ta faru, tawul mai ɗan danshi zai gyara. Ka shafa wa fitilun gaba ma, yana jinkirta jan da rana ke sa su. Ka bar gilashin gaba, kada kuma ya kusanci birki ko tafin taya. Ka karanta jikin kwalbar don sanin tsawon lokacin da za a hana ta ruwa, da yawa suna son awa 24.

In kakin gwangwani ka zaɓa, shafa shi siriri kamar man shafawa a fuskar jariri, ka jira ya yi hazo-hazo, ka ja yatsa a kai. In ya goge fes, lokaci ya yi. Ka kiyaye baƙaƙen robobi, yana barin musu farin tabo mai wuyar fita.

Yaushe za a sake? Motar ce za ta gaya maka. Watsa ruwa a bonet bayan wanki. In ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya yana gangarewa kamar a ganyen gwaza, kariya tana nan. In ya baje ya kwanta, ta tafi.

Abubuwan da ba sa jiran ranar wanki

Kashin tsuntsu da na jemage suna da ƙarfin ci, a rana mai zafi cikin awoyi kaɗan suke barin tambari a kiliya. Inuwar darbejiya da mangwaro tana da daɗi, amma da kuɗinta: ƙaro, da 'ya'yan itace, da masu kwana a sama. Ka ajiye gorar ruwa da tawul ɗaya a mota. Jiƙa tawul ɗin, ɗora shi a kan kashin na minti uku, ka ɗaga. Kada ka kankare da farce ko makulli.

Kwalta daga sabon titi, nan ne wurin kananzir: ɗigo kaɗan a ƙyalle, a kan tabon kaɗai, sannan ka wanke wurin da sabulu ka mayar da feshi. Farin tabon ruwa kuwa, ruwan khal da ruwa rabi da rabi, a bar shi minti ɗaya, a ɗauraye, a mayar da kariya. Fetur da ya zuba a bakin tanki a kora masa ruwa nan take.

Sai ɗabi'ar da ta fi kowace wuyar bari, wato share ƙura da busasshen tsumma kowace safiya. Na san zafin fita da mota ta yi butu-butu, yaran unguwa har sun rubuta «a wanke ni» a gilashin baya. Amma a hunturu gara ka goge gilasai da fitilu kawai, ka bar jikin har ranar wanki, ko ka kora mata ruwa ka tsane. Tamfol ma haka: in ka rufe mota da ƙura a jikinta, iska tana kaɗa shi, ka sa mata takardar yashi ke nan ta kwana tana gogewa. Sai a kan wankakkiyar mota, tamfol ɗin ya zama mai laushin ciki, a ɗaure shi tamau. Rumfar kwano ta ƙafa huɗu a tsakar gida ta fi shi.

In kai ba mai wanki da kanka ba ne, babu damuwa. Ni ma yanzu sau da yawa wurin yaron nan nake komawa. Bambancin shi ne a but ɗina akwai bokiti biyu ɗaya cikin ɗaya, da kwalbar sabulu, da ledar tawul. Na auna masa sabulun da kaina a karon farko, na tsaya a kansa sau biyu, na ɗan ƙara masa a kan kuɗin wanki saboda ƙarin ruwan da yake zubawa. In ya gama sai in karɓi jiƙaƙƙun tawul ɗin in kai gida a wanke, don na taɓa barin su a wurinsa, da na dawo na tarar baƙin na taya yana goge gilashin wata Sienna.